Jan Farcen Malama Christy

Duk wanda ya zauna a unguwar Television a zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya safe da yamma, ya san Malama Christy. In bai san fuskarta ba, to ya taɓa cin shinkafa a kwanonta a wajen wani biki ko zaman makoki, kuma da ya juya gindin kwanon da ya ga sunanta ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe, ja wur.

Ita dai ba ta shafa jan farce. Faratanta kullum a yanke suke, alli ya busar da su. Amma kwalbar jan farce ba ta yankewa a jakarta, domin da shi take yi wa kayanta shaida. Ba ita ta ƙirƙiro abin ba. Duk matan zumunta na cocinsu haka suke yi, saboda langa in ta fita gidan biki ba shaida, sai dai mai ita ta bi ta da addu'a. Sauran mata ɗigo biyu suke yi, ko ɗan gicciye. Christy kuwa malama ce, ta yi kwalejin horon malamai, ba za ta tsaya ɗige-ɗige kamar wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba. Cikakken suna take rubutawa, a tire, a tukunya, a bokiti, har da murfin bokitin. A gidanta kowa da kofinsa: ISTIFANUS na maigida, JETHRO da NUHU na 'yan mazanta biyu. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin kofin silba can saman kabad mai sunan DEBBY, wanda ba a shan ruwa da shi. Debby ita ce 'yarta mace tilo. Ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara huɗu, kuma ba a yawan kiran sunanta a gidan.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aure ya kawo Christy Kaduna. Istifanus ma'aikaci ne a sashen rini na wata masaƙa, mutum mai sanyin hali, hannayensa ba sa rabuwa da launin atamfar da aka buga a makon. Ita kuma tana koyar da aji huɗu a wata firamare a Kakuri, yara sun fi sittin a ɗaki guda, wasu a benci wasu a kan bulo. Murya gare ta wadda in ta daka tsawa masu talla a bakin titi ma sai sun waiwaya. Ba muguwa ba ce. Matsalarta ɗaya, ba ta son raini, kuma tana saurin hango shi ko da a inda babu shi.

A shekarar da soja suka tattara suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da hotunan 'yan takara, kowa na cewa yanzu komai zai gyaru. Masaƙar su Istifanus ma ta shiga sahun masu sabon abu, ta sayo injina, aka kawo injiniyoyi daga Koriya su kafa su, su koya wa 'yan ƙasa yadda ake sarrafa su. Wasunsu da iyalansu suka zo. Aka ba su kwatas a bayan masaƙar, 'yan gidaje cikin katanga ɗaya da maigadi a ƙofa. Yaransu shida ne. Da safe uwayen kan koya musu lissafi da karatun ƙasarsu, amma Turanci ya gagari uwayen kansu. Wata rana babban injiniyan, Mista Han, ya tsaya a sashen rini yana tambaya ko akwai wanda ya san malamin Turanci. Istifanus, wanda kan wuni bai ce uffan ba, sai ga shi ya ɗaga shuɗin hannunsa ya ce, "Oga, matata ticha ce."

Haka Christy ta zama baƙuwa a garin da ta shekara goma sha wani abu a cikinsa. Kullum in an tashi daga firamare, Malam Lawal direban kwatas, mutumin Makera, zai tsaya mata a bakin makaranta da 'yar farar bas. Tafiyar ba ta kai a gama cin gyaɗar sisi ba. Amma da zarar maigadi ya rufe ƙofa a bayansu, sai ta ji kamar ta tsallaka teku. Ba Hausa, ba yarenta, ba wanda zai ce mata sannu da rana. Ƙamshin girkin ma daban.

Ranar farko da takalminta ta shiga falon da aka mayar aji. Yara shida da uwaye uku duk suka zuba wa ƙafafunta ido, har ta gane, ta koma da baya ta tuɓe. Tana juyowa yaran suka miƙe a tare suka sunkuya mata. Da ta karɓi littattafansu kuwa, kowane da hannu biyu ya miƙo. Nan take suka shiga ranta. Da yamma ta ce wa mijinta, "Baban Jethro, waɗannan an yi musu tarbiyya. Ka ga Nuhu kuwa, jefo mini littafi yake yi kamar yana ba kaza hatsi."

Abin da ya dame ta shi ne shirunsu. Wadda ta saba da ajin da sai ta yi ihu kafin ta ji muryar kanta, ga ta gaban yara shida a zaune a ƙasa, ƙafa a naɗe, ba mai tari. In ta yi tambaya sai su sunkuyar da kai, ko da sun san amsa, don tsoron kada su yi kuskure. Da ta ga allo ba zai fisshe ta ba, sai ta riƙa kwashe su zuwa tsakar kwatas. Ta nuna ƙadangare ta faɗi sunansa da Turanci, ta nuna mangwaro, ta nuna akuyar maigadi. Ta kawo musu rake ta ce ba mai sha sai ya roƙa da cikakkiyar jimla. Kafin damina ta yi nisa bakinsu ya buɗe, sai dai ya buɗe da irin Turancin Malama Christy, da karin harshen Zonkwa a ciki. Har Mista Han ya tare ta wata rana cikin ladabi yana tambaya, me ya sa ɗansa in ya gama magana yake ƙarawa da "ko ba haka ba?"

Su ma sun koya mata nasu. Sun ba ta wani kabeji da ake cuɗawa da barkono a bar shi ya yi tsami a tulu. Loma ɗaya ta yi hawaye suka zubo, amma ta haɗiye, ta ce a ranta wanda ke cin daddawa ba shi da bakin zagin warin abincin wani. Babbar cikin yaran, Mikyon, 'yar shekara goma sha biyu, ita ce ta fi kowa kama Turanci, ita ke yin tafinta in abu ya cije. Ƙaramarsu kuwa Sunhi ce, autar Mista Han, 'yar shekara biyar mai gashi a yanke daidai gira. Tun makon farko ta matso ta goga yatsa a hannun Christy, ta duba yatsan ko baƙin ya fita. Da wani ne ya yi haka da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma yarinyar sai ta miƙo nata hannun ita ma a goga a gani. Daga ranar kusa da gwiwar Ticha take zama, kuma Christy ba ta taɓa gaya wa kowa wa yarinyar ke tuna mata ba.

Mutanen kwatas ba sa shan ruwa haka nan. Sha'ir suke soyawa su tafasa a babbar buta, ruwan ya yi ja-ja kamar shayi, a bar shi ya huce. Butar ajin tana kan wani ɗan teburi da kofi guda a kife a kanta, duk mai jin ƙishi da shi zai sha. A ƙarshen damina mura ta zaga yaran, wannan ya ja hanci ya sha, ya miƙa wa wancan. Christy, wadda ke koyar da tsabta a aji huɗu, ta ga ba za ta iya zuba ido ba. Ran Asabar ta shiga kasuwar Kakuri ta zaɓo fararen kofunan roba guda shida. Da ta dawo daga coci ran Lahadi ta zauna a inuwa, ta fito da kwalbarta, ta rubuta wa kowane yaro sunansa, tana hura wa kowane baƙi iska har ya bushe. Na Sunhi ma har 'yar fure ta zana masa.

Ran Litinin ta jera kofunan a kan teburi, ta cika su daga buta, ta ja da baya tana jiran murna.

Ba wanda ya motsa. Yaran suka dubi kofunan, suka dubi juna, fuskokinsu suka canja. Wani yaro ya ɓoye hannayensa a baya. Mikyon ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe, domin a tarbiyyarsu yaro ba ya gaya wa malami ya yi kuskure.

"Ku ɗauka mana," in ji Christy. "Kowa ga nasa."

Ba wanda ya miƙa hannu. Nan fa tsohon ciwonta ya motsa. Ruwan nasu ne, butar tasu ce, abin da ya bambanta kawai kofin ya fito daga hannunta. Wato ƙyamarta suke yi! Duk sunkuyawar nan da hannu biyun nan ashe na ganin ido ne, a ƙasan zuciya baƙar mace ce daga bayan katanga, wadda ba a shan ruwa a kofinta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har muryar aji huɗu ta fito ba ta sani ba.

"Na ce ku sha!"

Sunhi ce ta tashi. Idanunta sun cika da hawaye, amma ta je ta ɗauki kofinta da hannu biyu ta shanye, tana kallon Ticha ko fushin ya wuce. A daidai lokacin uwarta, Madam Han, ta leƙo da faranti a hannu. Da ta ga kofin a bakin 'yarta sai ta saki wata 'yar ƙara, ta fizge shi, ta tattara sauran biyar ɗin a gaban rigarta ta fice. Ba a ƙarasa darasi ba ranar. Christy ta sa takalminta ta shiga bas, Malam Lawal ya mayar da ita gida.

Ta yi niyyar in ta koma za ta faɗa musu abin da ke ranta ta ajiye aikin. Sai dai washegari Malam Lawal ya zo bakin makaranta ba don ya ɗauke ta ba.

"Malama, yau babu lesin. 'Yar autar oga ce ba lafiya, jiki zafi rau, har da sanƙarewa. Ni na kai su asibiti da safe."

Duk da haka ta ce ya kai ta kwatas ɗin. Ta tarar da ƙofofi a rufe, sai Mikyon a zaune kan dakali. Yarinyar ta miƙe ta sunkuya kamar kullum, sannan ta tattaro duk Turancin da aka koya mata da rake da ƙadangare, ta yi bayani a hankali, kanta a ƙasa.

"Ticha, a ƙasarmu ba a rubuta sunan mai rai da ja. Sunan wanda ya mutu ake rubutawa da ja. In ka rubuta na mai rai, kamar kana kiran mutuwa ta zo ta ɗauke shi ne. Ba kofinki muka ƙi ba. Tsoro muka ji."

Christy ta nemi wuri ta zauna a dakalin. Kunya ce ta fara kama ta, ta zargin da ta yi wa yara. Sannan tsoro ya biyo baya ya danne kunyar.

Ita fa mai bi ce, 'yar zumunta, wadda ke tsawata wa mata in sun ce kukan mujiya ya kashe wani. Ta sani sarai sauro ke kawo zazzaɓi, ba fenti ba. Da bakinta ta koya wa yara sittin haka. Amma sani daban, abin da zuciya ke raya wa mutum daban. Da ta isa gida ba ta ko cire ɗankwali ba, ta jawo kujera ta hau, ta sauko da ɗan kofin silba daga saman kabad. Ta tuna ranar da ta rubuta sunan, Debby na tsaye a gefenta tana hura wa jan farcen iska. Ba a rufa wata biyu ba ƙyanda ta shigo unguwa.

Istifanus ya dawo daga aiki ya same ta a zaune da kofin a cinya da wuƙa a hannu, tana shirin kankare sunan. Ta gaya masa komai.

"Haba Maman Jethro," ya ce. "Ga nawa kofin can, shekara nawa ina sha da shi? Ga ni a tsaye."

"In yarinyar nan ta tafi, Baban Jethro, to ni ce. Ita da Debby duka, ni ce."

Ya dai zare wuƙar daga hannunta ya kai kicin, ya dawo ya zauna kusa da ita suka yi addu'a.

Washegari ta nemi izini wajen hedimasta. Ba ta san ko za a kore ta daga bakin ɗakin ba, amma a inda ta tashi ba a jin yaro na asibiti a zauna a gida, kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ta dama kunun gyaɗa mai laushi, ta juye a langar da ta fi kusa da hannunta, ta ɗaure da ɗankwali ta hau bas.

Madam Han na zaune a bakin gado, ido ya kumbura. Sunhi na kwance ana mata ƙarin ruwa, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin farin zanen gado. Matar ta ɗago ta ga Christy, fuskarta ta ɗaure. Ba Mikyon, ba Mista Han, ba mai yi musu tafinta. Christy ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ko da yake asibiti ne ba wanda ke tuɓewa, ta kwance ɗankwalin, ta miƙa langar da hannu biyu.

Sai a lokacin ta ga abin da ta ɗauko. A jikin langar, ga CHRISTY nan ja wur, a murfin ma haka. Tsohuwar langa ce tun ta aurenta, an rubuta sunan ya goge an sake rubutawa a kai, har ya yi tudu. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta zo ba da haƙuri kan jan suna, ta kawo wani jan sunan.

Madam Han ta ƙura wa rubutun ido. Ta sa yatsa ta bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa su a hankali kamar yadda ta ji yara na yi. Sannan ta nuna langar, ta nuna ƙirjin Christy, da alamar tambaya a fuskarta. Christy ta gyaɗa kai. Matar ta rufe baki da tafin hannu. Ta dubi wannan ƙatuwar mace mai ƙoshin lafiya da ta yi shekara da shekaru tana kiran mutuwa da hannunta, mutuwar ba ta ko leƙo ba. Fuskarta ta saki. Ta matsa gefe a kan benci, ta dafa wurin, Christy ta zauna.

Nan suka wuni, ba mai jin yaren wata. Ɗaya ta jiƙa tsumma, ɗaya ta shafa wa yarinya a goshi. Wajen la'asar gumi ya karyo wa Sunhi, ya jiƙa gashinta da matashin kai. Nas ta zo ta taɓa ta, ta duba ma'aunin zafi, ta ce da Hausa, "Ai zazzaɓin ya sauka. Maleriya ce, allurar ta kama ta. Ku ba ta abu mai ruwa-ruwa." Ba a jima ba yarinyar ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi ɗayar, ta ce da ƙaramar murya da cikakkiyar jimla, kamar mai roƙon rake, "Ticha, don Allah ina jin yunwa."

Christy ta yi ajiyar zuciya. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ba na kwanakin nan kaɗai ba, har da wanda ta ɗauka tun ranar da aka binne Debby. Dariya da kuka suka haɗu mata. Madam Han da kanta ta buɗe langar mai jan suna, ta ɗebo kunun a cokali ta hura ta ba 'yarta. Da Christy ta fito bakin titi, hatta ƙarar bas-bas da ihun 'yan kamasho daɗi suka yi mata. Ta sayi lemo a hanya ta raba wa yaran unguwa, ba wanda ya san dalili.

Aka koma lesin. Kofunan nan shida suka dawo kan teburi, an goge jan tas, an rubuta sunayen da shuɗi cikin rubutun Koriya mai kama da ƙananan tagogi. Christy ta tsaya gaban yaran ta ba su haƙuri, abin da ba ta taɓa yi wa aji ba tunda ta fara riƙe alli. Yaran suka rikice, suka miƙe suna ta sunkuyawa, ita ma ta sunkuya, aka rasa mai dainawa.

Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ina! Wata Asabar da hantsi sai ga farar bas a ƙofar gidansu a Television, yaran unguwa na biye da ita a guje. Madam Han ta fito riƙe da hannun Sunhi, Mikyon na bayansu da ɗan gwangwanin fenti da siririn buroshi. Malam Lawal ya leƙo ta taga yana dariya.

"Malama, yau kin shiga uku. Madam ta ce ba ta iya barci tunda ta ga langar nan. Wai sai ta ceci ranki."

Mikyon ta fassara sauran. Madam ta gane ba mugunta ba ce, ta kuma yarda sauro ne ya kwantar da Sunhi. Amma Ticha mutumiyar kirki ce, kuma ba za a bar sunan mutumin kirki a cikin ja ba, ko da abin ba ya kama mutanen Kaduna.

Christy ta yi dariya har da riƙe ciki. Da wata ce daga zumunta ta zo mata da wannan, da ta sha wa'azi a kan camfi. Amma ta dubi matar da ta baro kwatas ta shigo lungunsu da gwangwanin fenti saboda ita, ta ce Jethro da Nuhu su fito da kaya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da tire da tukwane da bokitai suka fara fitowa, kowane da jan sunansa, Madam Han ta dafe ƙirji tana wani salati da yarensu. Ta naɗe hannun riga ta kama aiki. In ta ɗauki kofi sai ta karanta sunan da ƙarfi, mai shi ya amsa, ta dube shi sama da ƙasa ta tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ta bi kan jan da shuɗi. Ta kira Jethro, ya ce ga shi. Ta kira Nuhu, ya amsa da baki cike da ɗumame. Ta kira Istifanus, ya ɗaga hannu daga kujerarsa, sai ta ga hannun ma shuɗi ne, kowa ya fashe da dariya. Maƙwabta suka cika ƙofa suna kallo, wata na cewa in an gama a biyo ta gidanta.

Nuhu ne, garin nuna ƙwazo, ya shiga ɗaki ya kwaso har abin da ba a aike shi ba. Madam Han ta miƙa hannu cikin tulin kayan ta ɗago ɗan kofin silba. Ta tsoma buroshi, ta karanta da fara'arta.

"Debby?"

Ta waiga tana neman mai amsawa. Istifanus ya sunkuyar da kai. Christy ta ce wa Mikyon a hankali, "Gaya mata 'yata ce. Ta kusa kai shekarun Sunhi. Tana wurin Ubangiji."

Mikyon ta faɗa. Madam Han ta daɗe tana kallon kofin, jan sunan duk ya koɗe, rabin baƙin farko ya goge. Ta ajiye buroshin a kan murfin gwangwani. Ta yi 'yar magana, muryarta ƙasa-ƙasa, Mikyon ta juyo.

"Ta ce wannan daidai yake, Ticha. Wanda ya tafi, ja ne nasa. Yana tsare shi, kuma ba a mantawa da shi. Ta ce amma ya koɗe."

Madam Han ta goge kofin da gefen rigarta, ta miƙa wa Christy da hannu biyu. Christy ta karɓa da hannu biyu. Ta jawo jakarta ta fito da kwalbar jan farce, ta girgiza ta, ta ɗora kofin a gwiwa ta fara bin sunan baƙi bayan baƙi. Da ta kai na ƙarshe, Sunhi ta matso kusa da gwiwarta, inda ta saba zama, ta tara baki tana hura masa iska don ya bushe.